Busassun 'ya'yan junifa: kayan sun yi kyau, takardar jikin ledar ce ta ɓata min rai

Ranar da ledar ta iso hannuna, tun kafin in yage bakinta ƙamshin ya riga ya fito. Da na buɗe sai ya bugi hancina sosai, ƙamshi irin na ɗanyen itace da aka sara yanzu-yanzu, haɗe da na ƙaro, can ƙasa kuma da wani ɗan zaƙi-zaƙi. Giram 100 ne na busassun 'ya'yan junifa, itacen da Larabawa ke kira ar'ar. Na zazzage su a faranti na kai bakin taga don in gan su da kyau. Kowace ƙwaya ba ta fi ƙaramin ɗan carbi ba, baƙa mai ratsin shuɗi, fatarta ta ɗan yamutse, wasu kuma da farin hazo-hazo a jiki kamar an barbaɗa musu toka. Da farko na ɗauka fumfuna ce, har gabana ya faɗi. Ashe wani kakin halitta ne da suke fitowa da shi tun daga kan itace, in ka murza da yatsa sai ya goge.

Abin da ya sa na saye su, kusan wata huɗu na yi ina fama da kumburin ciki bayan abincin dare. Ciki ya yi tam kamar ganga, zama ba daɗi, kwanciya ba daɗi, sai in yi ta safa da marwa a ɗaki ina jiran gyatsa. Na je asibiti, aka yi gwaje-gwajen da suka kamata, likita ta ce babu gyambon ciki, ƙodata ma lafiya lau, ta ba ni shawarar rage maiƙo da cin abinci da wuri. Na fara da faɗin wannan ne da gangan. Na san halin da ƙodata take ciki kafin in kai ƙwaya ɗaya ta junifa bakina, kuma duk abin da zan faɗa a gaba ya rataya ne a kan haka.

Bari in fara da yabo, don kayan sun cancanci yabo. Na zauna na tsince giram ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa. Abin da na fitar bai cika cokali ba: 'yan ƙwayoyi kore da ba su nuna ba, biyu ko uku da suka bushe ƙayau suka zama ruwan ƙasa, da 'yan ganyayyaki. Babu ƙasa, babu ƙwaro. In ka matsa mai kyau tsakanin yatsu biyu za ka ji tana ɗan lotsawa, ba ta farfashewa kamar busasshen gawayi, alamar ba ta daɗe a ajiye ba. Na fasa ɗaya da farce, cikinta launin ruwan ƙasa ne mai danƙo, da ƙananan iri guda uku masu tauri.

Ganyayyakin nan da na tsince su suka fi kwantar min da hankali. Siraran allurai ne masu tsini, suna sukar yatsa, kowanne da farin layi guda ɗaya a tsakiyarsa. Wannan ita ce shaidar junifar da ake amfani da ita a magani, wadda masana tsirrai ke kira Juniperus communis. Dangin junifa sun haura iri hamsin, kuma ba duka ake ci ba. Akwai wata mai suna Juniperus oxycedrus da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, allurarta layi biyu ne farare, 'ya'yanta kuma jajaye-jajaye. Akwai kuma Juniperus sabina, wadda ganyenta galibi a kwance yake jikin reshe kamar ɓawon kifi, ita kam guba ce. Zan dawo kanta.

Wani abin da na koya yayin da nake binciken abin da na saya shi ne, waɗannan ƙwayoyi ba 'ya'yan itace ba ne irin waɗanda ke biyo bayan fure. Junifa tana cikin dangin itatuwa masu ganyen allura da ba sa kaɗe ganye ko da ƙanƙara na zuba, kuma abin da muke kira 'ya'yanta kwanson iri ne da ya yi tsoka ya dunƙule. Akwai itace namiji, akwai mace, macen ce kaɗai ke ɗaukar su. Suna shekara biyu zuwa uku kafin su nuna, shi ya sa a reshe ɗaya ake samun kore da baƙi tare. Yawancin waɗanda ake sayarwa a duniya daga daji ake tsinko su, a tsaunukan Italiya da ƙasashen Balkan irin su Albaniya da Masedoniya ta Arewa. Masu tsinka kan shimfiɗa ƙyalle ko tire a ƙarƙashin reshe su buga shi da sanda, nunannun su zubo, ɗanyun su zauna sai baɗi. Da na san haka sai na daina ganin laifin 'yan koren da na tsince.

Haɗawa ta farko kuskure na yi. Na jefa ƙwayoyi a kofi yadda suke, na zuba tafasasshen ruwa, na bar shi a buɗe. Ruwan ya fito salam, launi kaɗan, ɗanɗano babu. Amfanin junifa yana cikin man da ke ɓoye a tsokarta, wanda bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinta ba, kuma mai ne mai bin tururi ya gudu. Washegari na gyara. Na auna giram 2 a ƙaramin sikeli, wanda a wajena ya kama ƙwaya goma sha biyar zuwa ashirin, na ɗan daddaka su a ƙaramin turmi har suka fashe, na zuba ruwan da ya tafasa kimanin kofi ɗaya, na kife faranti a kai na minti goma. Da na ɗaga farantin, ƙasansa ya yi raɓa, kuma a cikin raɓar nan ƙamshin ya fi ƙarfi, don haka nakan karkata shi ɗigon ya koma cikin kofi. A saman ruwan za ka ga wani siririn maiƙo yana walƙiya. Ɗanɗanon yakan fara da zaƙi kaɗan, sai bauri ya biyo, daga ƙarshe wani ɗaci mai ɗumi ya zauna a maƙogwaro na 'yan mintoci. Ban sa masa komai ba, kuma bayan kwana uku na saba da shi har ina marmarinsa.

Kofi biyu nake sha a rana, ɗaya bayan abincin rana, ɗaya bayan na dare. Tun a kwana na biyu na ga bambanci. Kamar minti ashirin bayan na sha sai gyatsa ta zo da sauƙi, cikin ya saki, in iya zama in yi karatu ba tare da kwance zani ba. Ba zan ce kumburin ya tafi gaba ɗaya ba, daren da na ci abinci da yawa ko na ci a makare yana nan yana jirana. Amma nauyin cikin ya ragu ƙwarai, kuma ina da yaƙinin shayin ya taimaka, ko da yake na san ruwan ɗumi kansa da gyaran lokacin cin abinci suna da nasu kason.

Fitsari kuwa ya ƙaru, wannan babu tantama. Daren farko sau biyu na tashi. Dole na matso da kofin dare zuwa farkon yamma. Gwiwata ta hagu da ke min ciwo in na daɗe a tsaye, wadda ledar ta yi alƙawarin za ta warke, ko gezau. Nauyin jikina ma yana nan inda yake. A kwana na tara na yi gangancin ƙara yawan ƙwayoyin na kuma sha kofi uku, a tunanina in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Daren nan ƙwannafi ya hana ni barci, cikina na zafi kamar an zuba garwashi. Na koma ma'aunin farko, abin ya lafa. Da na cika mako biyu na ajiye.

To, yanzu ga inda raina ya ɓaci. A bayan ledar an rubuta da manyan haruffa cewa junifa tana wanke ƙoda, tana fitar da guba daga jiki, tana maganin ciwon gaɓoɓi da ciwon suga, kuma a riƙa shan ta kullum. Babu ma'auni. Babu iyakar kwanaki. Babu kalma ɗaya a kan masu juna biyu. Sunan Latin na masana tsirrai ma da zai tabbatar wa mai saye wace junifa ce a ciki, babu shi, sai da na gane ta da kaina ta hanyar ganye. Wanda ya tsince kayan nan ya san aikinsa, wanda ya rubuta takardar kuwa ya jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Dubi abin da hukumomin da suka zauna suka tantance ta suka amince da shi. A Jamus akwai kwamitin masana da gwamnati ta kafa a 1978 don duba magungunan tsirrai, ana kiran sa Commission E. Abu ɗaya ya amince a yi amfani da junifa dominsa, wato rashin narkewar abinci, a kan giram 2 zuwa 10 na busassun 'ya'ya a rana, giram 10 ɗin shi ne maƙura. Ya kuma hana ta ga masu juna biyu da masu kumburin ƙoda. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da nata bayanin a 2009, ta yarda da amfani biyu: sauƙaƙa kumburin ciki da iska, da ƙara yawan fitsari don ɗauraye hanyarsa a ƙananan matsaloli. Ta kuma sanya ta a rukunin magungunan gargajiya, wanda ke nufin hujjar ita ce an daɗe ana amfani da ita, aƙalla shekara 30, ba wai an yi manyan gwaje-gwaje a kan mutane an tabbatar ba. Ba ta ba da shawarar a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana ta ga mai ciwon ƙoda mai tsanani, da wanda likita ya ce ya rage shan ruwa, kamar mai ciwon zuciya da ya yi nisa.

Ka ga ke nan mutumin da kalmar "wanke ƙoda" za ta fi jan hankalinsa, wanda ƙafarsa ta fara kumbura ko aka ce masa gwajin ƙodarsa ya ɗan hau, shi ne mutumin farko da aka hana. A cikin man junifa akwai wani sinadari da ake kira terpinen-4-ol, wanda masana ke ganin shi ke sa ƙoda ta ƙara tace ruwa. Ƙarin aiki ne ake ɗora mata. Lafiyayyar ƙoda za ta ɗauka na ɗan lokaci, ta fitar da ruwa, shi ke nan. Wadda ta riga ta gaji kuwa, kamar ɗora wa jakin da ke ɗingishi ƙarin kaya ne. Yawan fitsari ba shaida ba ce ta cewa wata guba ta fita.

Don in yi adalci, masana sun yi saɓani a kan girman haɗarin. A shekarun 1990 wasu masu bincike a Jamus sun sake duba tsofaffin rahotannin da suka ce junifa na lalata ƙoda, suka ce da alama wasunsu sun samo asali ne daga gurɓataccen mai ko kuma rikita ta da wata junifar daban, kuma gwajin da aka yi wa ɓeraye na kusan wata guda da mai mai kyau bai nuna illa a ƙodarsu ba. Na ji daɗin karanta wannan. Amma ɓeraye masu lafiya na mako huɗu daban, mutum mai ciwon ƙoda da zai sha kullum na shekara daban. Shi ya sa littattafan magungunan tsirrai na Turai suka tsaya a kan kada a wuce mako huɗu ba tare da ganin likita ba. Sun kuma lissafa alamomin wuce gona da iri: fitsari ya riƙa wani ƙamshi kamar na fure, ciwo a kwiɓi ta wajen ƙoda, jini ko kumfa a fitsari, bugun zuciya da sauri. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya ajiye kofin ya nufi asibiti.

Maganar juna biyu kuwa a gidana ta kusa faruwa, shi ya sa har yanzu in na tuna tsigar jikina ke tashi. A kwana na shida ƙanwata ta zo, cikinta wata uku, laulayi ya sa ba ta son ƙamshin komai. Ta shigo ta tarar da kofin a rufe, ta ɗaga farantin, ta shaƙa, ta ce, "Yaya, wannan ne kaɗai ƙamshin da bai tayar min da zuciya ba tun da safe. Bari in kurɓa." Har ta kai baki. Na riƙe hannunta na ce, "Ajiye, ba naki ba ne, masu ciki ba sa sha." Ta juya ledar tana dubawa ta ce, "Ai ba su rubuta ba, Yaya. Ga shi ma sun ce na halitta ne." Da ba na ɗakin, da ta shanye, kuma da ta nemi a ɗeba mata ta tafi da shi, tunda ya yi mata daɗi. Kurɓi ɗaya wataƙila ba zai yi komai ba, amma kofi biyu kullum na makonni fa? An daɗe da sanin junifa da motsa mahaifa. Gwajin da aka yi wa ɓeraye ya nuna ruwan da aka tatso daga 'ya'yanta yana hana ciki zama. Ita kuma 'yar'uwarta sabina, wadda na ambata a baya, a zamanin dā an yi amfani da ita a Turai don zubar da ciki, kuma mata da dama sun rasa rayukansu a hanyar, saboda tana lalata ƙoda da hanta. 'Ya'yanta ma baƙaƙe ne masu shuɗi-shuɗi, ana kuma shuka ta a lambuna don ado. Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda kowa ya tsinko 'ya'yan junifa daga itacen da bai san sunansa ba, kuma shi ya sa rashin sunan Latin a leda ba ƙaramin sakaci ba ne. Mai shayarwa ma gara ta haƙura har ta yaye.

Mahaifiyata ta ji labarin cikina ya yi sauƙi, ta ce a haɗa mata. Tana shan maganin suga da ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. Na ce, "Inna, bari in tambaya tukuna." Na je wajen wata mai harhaɗa magunguna da na yarda da iliminta, na nuna mata ledar da katin magungunan. Ba ta yi dogon tunani ba ta ce kada a ba ta. Bayaninta shi ne, an ga junifa na sauke suga a jinin dabbobin gwaji, in aka haɗa da maganin suga ana iya samun ya faɗi ƙasa ba a shirya ba, alhali babu hujjar da ta isa a ce ta maye gurbin maganin. Ga kuma abu biyu masu sa fitsari a jikin tsohuwa, ruwa da gishirin jiki na iya raguwa, jiri ya kayar da ita. Ta ƙara min da wanda ban sani ba: mai shan lithium, maganin da ake bayarwa a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, ya nisanci duk wani abu mai sa fitsari sai da izinin likitansa, don maganin na iya taruwa a jini. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce na hana ta abin da nake sha, amma ta haƙura.

Akwai masu sayen junifa don ciwon mara da zafin fitsari. In abin ƙarami ne, ana shan ruwa sosai tare da ita, to a kan haka hukumar Turai ta yarda. Amma da zarar akwai zazzaɓi, ko ciwon baya, ko jini, wataƙila ƙwayar cuta ta kama hanyar ƙoda ke nan, kuma wannan aikin likita ne da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shayin ba zai yi ba, jinkirin kuma shi ne ɓarnar.

Ban sayi man junifa na ƙaramar kwalba ba, kuma ba na ba da shawarar a sha shi. Ɗigo kaɗan nasa ya kai ƙarfin ƙwayoyi masu yawa. Masu shafa shi don ciwon tsoka sai sun tsinka shi da wani man shafawa, su gwada a ɗan wuri tukuna, ban da kan rauni. Wanda ya tsufa a kwalba ya fi sa ƙaiƙayi. Akwai kuma wani baƙin mai mai kauri da warin hayaƙi da ake samu ta hanyar ƙona itacen oxycedrus, shi ma wani lokaci da sunan ar'ar ake sayar da shi. Likitoci a Maroko sun sha ba da rahoton jarirai da suka shiga mawuyacin hali bayan an shafa musu shi ko an ɗiga musu. Suna ɗaya, abu daban. Wanda kuma ake jiƙawa a kwalba a sayar a matsayin ruwan magani, galibi da barasa ake jiƙa shi, sai a duba kafin a saya. Da junifa ne ake ba giyar nan ta Turawa mai suna jin ƙamshinta, har sunan giyar ma daga sunan itacen ya samo asali a harshen Holan da na Faransa, amma busassun 'ya'yan kansu babu abin sa maye a cikinsu.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, su kansu mutanen da suka gaji amfani da ita ba su taɓa ɗaukarta abin sha na kullum ba. Wani limamin coci a yankin Bavariya na Jamus, Sebastian Kneipp, wanda ya rasu a 1897, ya shahara da tsarin tauna 'ya'yan junifa don gyaran ciki. Ana farawa da ƙwaya huɗu, kowace rana a ƙara ɗaya har a kai goma sha biyar, sannan a riƙa rage ɗaya-ɗaya har a dawo inda aka fara, a tsaya. Duka-duka kimanin mako uku. Mutumin ƙarni na 19 ya sa wa abin ƙofar shiga da ƙofar fita, kamfanin da ke da injin buga takarda mai launi ya ce a sha kullum. A girkin Turai kuwa, inda ake jefa ƙwaya uku ko huɗu a tukunyar naman daji ko ta kabeji mai tsami, wannan ɗan adadin ba shi ne ake tsoro ba ga mai lafiya.

Zan sake saye? Irin waɗannan ƙwayoyin, e, in na samu a ledar da ta rubuta Juniperus communis, da ƙasar da aka tsinko su, da ranar ƙarewar aiki, da gargaɗi. Ga babba mai lafiyar ƙoda, wanda ba ya ɗauke da ciki, ba ya shayarwa, ba ya kan magungunan da na lissafa, kuma likita ya riga ya duba dalilin kumburin cikinsa, shayin junifa na mako ɗaya ko biyu abu ne mai amfani, ni shaida ce. Daga wannan kamfanin kuwa ba zan ƙara ba sai sun gyara takardarsu. Na rubuta musu na faɗa musu abin da ya kusa faruwa da ƙanwata, na roƙe su su cire maganar wanke ƙoda su sa gargaɗin masu juna biyu. Har yau ban ji amsa ba.

Sauran ƙwayoyin, kusan rabin ledar, na juye su a kwalbar gilashi mai murfi na ajiye a saman kabad inda rana ba ta kaiwa kuma hannun yara ba ya isa. Ledar na yaga ta na zubar don kada wani ya karanta abin da ke bayanta. A jikin kwalbar na manna farar takarda na rubuta da hannuna: giram 2 a kofi, sau biyu a rana, kada a wuce mako biyu, ban da mai ciki, ban da mai ciwon ƙoda, ban da Inna.